Darasi na 7: Inshorar lafiya ta al'umma da ran ƙananan yara

A 2022 yara kusan miliyan 4.9 ne suka rasu a duniya kafin su cika shekara 5, a ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya. Cikin manyan cututtukan da ke ɗauke su akwai nimoniya da gudawa da maleriya, kuma duk ukun nan suna da magani, wannan ne abin da ke ci min rai. Sau da yawa jinkiri ne ke kashe yaron. Jikinsa ya yi zafi da daddare, uwa ta san asibiti ya kamata a je, uba ya laluba aljihu ba komai, sai a ce bari mu gani zuwa gobe, goben ta yi a tafi neman rance, kafin a samu yaro ya daina karɓar nono ya fara jijjiga, alhali maleriya mai tsanani tana iya kisa cikin awa 24.

To wannan jinkirin inshorar al'umma take son kawarwa. Kowane gida ya zuba ɗan kuɗi a asusu sau ɗaya a shekara, a ba shi kati, duk ranar da ciwo ya zo sai a miƙa kati a duba yaro, asusu ya biya. Ruwanda ta fara gwada nata tsarin, Mutuelle de Santé, a 1999, gwamnati ce ke biya wa gidajen da suka fi talauci. Mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a can ta sauko daga 196 cikin 1,000 a 2000 zuwa 50 a 2015. Ba inshora kaɗai ta yi aikin ba fa, akwai rigakafi da gidan sauro da ma'aikatan lafiya na ƙauye, amma ta sa iyaye sun daina tsoron ƙofar asibiti. Habasha ma ta fara nata a gundumomi 13 a 2011.

Za ku ji wani na cewa ai na biya bara ban yi ciwo ba, kuɗina sun tafi a banza. Kuɗinsa ne suka yi wa ɗan maƙwabci magani, baɗi kuma na maƙwabcin za su yi wa nasa. In marasa lafiya kaɗai suka shiga, asusun ba zai kai ko'ina ba, shi ya sa ake son a yi wa gida gaba ɗaya rajista, har jaririn da aka haifa jiya.

Kafin ku biya dai ku tambaya, kuma kar ku ji kunya: wane asibiti ne ke karɓar katin, ya haɗa da awo da haihuwa da kwanciya, in an tura yaro babban asibiti wa zai biya, sai bayan kwana nawa kati zai fara aiki. Ku dage kan maganar magani, don kati da ɗakin magani wayam ya sa mutane da yawa sun ƙi sabuntawa. Ku karɓi rasit, ku san waɗanda ke riƙe da asusun da lokacin da suke karanta lissafi a gaban jama'a.

Aikin gida: rubuta sunayen yaran gidanku da shekarunsu, sannan a ƙasa ka rubuta ranar da katinku zai ƙare.