Yadda zaka sa wa katin netwok suna na dindindin a Linux

'Yan uwa masu haɗa saba (server) a shagunan kwamfuta na Wunti da sauran cikin garin Bauchi, in ka sa Ubuntu ka nemi eth0 a matsayin sunan katin netwok sai ka ga enp3s0, kar ka tada hankali. Tun 2013 systemd, manhajar da ke tada Linux in an kunna na'ura, ya kawo wannan tsarin, don a da in katin biyu ne, wanda ya riga tashi shi ke ɗaukar eth0, ana ɗauke wuta a dawo sai su musanya suna, saitinka duk ya rikice. en na nufin na waya, p3 lambar layin PCI da katin ke kai a cikin kwamfutar, s0 gurbin da aka soka katin, na wayales kuma da wl yake farawa.

Toh in kana son naka sunan, fara buga ip link ka kwafi lambar MAC ɗin katin, wato lambar shaidarsa, tana gaban link/ether.

Sai ka buɗe sabon fayil da sudo (wato da izinin admin), /etc/systemd/network/10-lan.link, ka rubuta:

[Match]
MACAddress=lambar da ka kwafa
[Link]
Name=lan0

Dan Allah kar ka sa masa eth0, kanel, wato zuciyar Linux, shi ma irin sunan yake rabawa, za su iya karo.

Daga nan ka buga sudo update-initramfs -u. Kafin ka sake kunna na'urar ka gyara sunan a fayil ɗin netplan ma, inda Ubuntu ke ajiye saitin netwok, wannan ne mutane suka fi mantawa, in ba haka ba zata tashi babu intanet, in kuma daga nesa kake shiga sai ka tako da ƙafarka. In ta tashi, ka sake buga ip link ka ga lan0.