Yadda za ka horar da idonka ya gane aikin zane da amfaninsa

Da yawanmu in aka ambaci zane, hankali kan tafi ga hoton da aka rataye a bangon ofis. Fagen ya fi haka faɗi. Duk abin da hannun mutum ya tsara da layi da launi da siffa domin ido ya gani ya fahimci wani abu, yana ciki: zayyanar allo, aikin wuyan riga, zanen ƙwarya, adon bango, sassaƙa, ginin tukwane. Kuma ba sai ka bar Marwa ko Garwa ko Kusiri, a arewacin Kamaru, ba kafin ka koyi kallonsu.

Da farko, zaɓi abu guda ka tsaya a kansa. In ka shiga kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa, bar waige-waige. Ɗauki jakar fata ɗaya ka juya ta a hannunka, kada ka tambayi kuɗinta tukuna.

Daga nan ka faɗa wa kanka abin da kake gani. Layukan miƙaƙƙu ne ko masu lanƙwasa? Launi nawa ne, wanne ya rinjayi saura? Ina idonka ya fara sauka?

Sai ka bincika da me aka yi shi. Majema kan jeme fata da bagaruwa, jan launin gargajiya kuma daga karan dafi ake samunsa. Baƙin zanen da ke jikin ƙwaryar matan Fulani ba fenti ba ne, wuƙa ake sawa a wuta ta yi zafi a ƙona bayan ƙwaryar da ita. Shafa da yatsa, za ka ji ramin layin, har ka gane inda hannun mai aikin ya ɗan karkace ta gyara.

Mataki na huɗu shi ne wanda na fi so ka daɗe a kai: wane aiki wannan zanen yake yi? Dubi ɗakunan yumɓu na ƙabilar Musgum da ke wajen garin Pus, kusa da kogin Logon. Tuddan da aka jera a jikinsu daga ƙasa har sama suna da kyau ƙwarai, amma su ne matakalar magini lokacin gini da yaɓe, su ne kuma ke karya ƙarfin ruwan sama kada ya zaizaye bangon. Kyau da amfani a wuri ɗaya ke nan. Zayyanar allo shaida ce cewa almajiri ya sauke Alƙur'ani. Babbar riga mai aska takwas tana sanar da matsayin mai ita kafin ya buɗe baki. Jeren ƙoran amarya na nuna gatan da take da shi a gidansu. A duwatsun Ennedi na ƙasar Cadi, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016, zanen garken shanu ya adana mana labarin cewa an taɓa yin kiwo mai yalwa a inda yau hamada ce. Wani aikin kuwa ado ne zalla, kuma ban yarda a raina shi ba, domin sanyaya ido ma biyan buƙata ne.

Bayan haka, tambayi mai aikin. Yi sallama, ka ce, "Sannu da aiki, Baba, wannan zanen yaya sunansa, kuma a wurin wa ka koya?" Yawancin zane-zanen nan suna da suna da asali. In ka je Gawi, garin ƙabilar Kotoko da ke kusa da Injamena, mata ne ke ginin tukwane da yi wa bango ado, don haka su za ka gaisar ka tambaya. Nemi izini kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoto.

Daga ƙarshe, samu fensir da takarda ka kwaikwayi ɗan sashe na abin da ka kalla, ko da layi uku ne na bakin ƙwarya. Ajiye shi kusa da na asali, ka duba inda naka ya kauce, sannan ka sake zanawa.