Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Fayil Tafiya a Wifin Gida

A gidajen Yamai da yawa, daga Bukoki zuwa Yantala, akwatin wifi guda ne ke ɗauke da kowa: maigida, uwargida, ɗalibai, wani lokaci har da maƙwabcin da aka ba lambar sirri. Ranar da ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni zai tura wa malaminsa kundin bincike, ko ɗan kasuwa zai aika bidiyon kaya Tawa, sai fayil ya tsaya a rabi, a ce "rezo ne babu". Sau da yawa matsalar tana cikin gida, kuma ana gano ta idan aka bi a hankali.

Da farko ka duba girman fayil ɗin, don kowace hanya da iyakarta. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce mega 25; idan ya fi haka, ɗora shi a Google Drive, mai ba da jiga 15 kyauta, ka tura adireshinsa. WhatsApp yana kai har jiga 2 idan ka tura shi a matsayin takarda, ta wurin da aka rubuta Document. Ta nan ma hoto ba ya rage kyau.

Na biyu, auna ƙarfin layin da Speedtest, manhajar auna saurin intanet. Lamba biyu za ka gani, ta saukewa da ta ɗorawa. Mutane ta farko suke kallo, alhali mai turawa da ta biyun yake aiki, kuma kusan kullum ita ce ƙarama. Ka raba lambar ɗorawa da 8 ka samu megan da ke fita a daƙiƙa. Idan ɗorawa ta nuna 2, fayil mai jiga 1 zai ci sama da awa ɗaya. Layin lafiyarsa ƙalau, haƙuri kawai yake so.

Mataki na uku shi ne ya fi muhimmanci a ganina: su wa ke kan layin? Wifin gida kamar famfo ɗaya ne a tsakar gidan haya, kowa ya tara bokiti, ruwan kowa ya ragu. Mai kallon TikTok ana ganinsa, amma akwai masu ci a ɓoye: wayar da ke ajiye hotuna a Google Photos da kanta, da kwamfutar da ke sabunta Windows. Kiran bidiyo ma yana cinye ɗorawa sosai. Juya akwatin, a ƙasansa akwai takarda mai adireshi irin 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a Chrome, shiga, ka ƙirga na'urorin da ke haɗe. Idan kun kai shida a gida amma ka ga goma sha biyar, lambar sirri ta yi yawo a unguwa, a sauya ta. Sauran kuma magana ce ta lalama: "Anti, don Allah ki dakata da kiran nan minti goma, in gama tura aikina." Babban fayil kuwa a bar shi sai bayan sallar asuba, lokacin da gida da unguwa ba su hau layi ba.

Daga nan ka matso kusa da akwatin. Bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna kashe sigina. Idan wifin akwatin yana fitowa da suna biyu, mai 5 GHz ya fi sauri a kusa, mai 2.4 GHz ya fi kai nesa. Kwamfuta kuwa a jona ta da akwatin kai tsaye da igiyar intanet, ya fi komai tabbas. Ka taɓa akwatin da hannu. A zafin Afrilu da Mayu, da ake wuce digiri 40, wanda aka ajiye a taga ko kan talabijin yakan yi zau, ya riƙa yankewa. Cire shi daga wuta rabin minti, kakkaɓe ƙura, sa shi inda iska ke ratsawa. Duba ragowar megan ku ma, ko sun ƙare.

Idan daga waya zuwa kwamfuta ne a ɗaki ɗaya, kada ka ƙona mega. Manhajar tura fayil irin Quick Share ko Xender, ko igiyar caji, sun isa. In na'urorin sun ƙi ganin juna, tabbatar wifi ɗaya suke kai, ba ɗaya a layin da akwatin ke ware wa baƙi ba, ka kashe VPN, manhajar da ke karkatar da layinka ta wata hanya, in kana da ita, kuma a Windows ka maida haɗin na gida, wato Privé. Kile ta USB da ta ƙi karɓar fim alhali akwai sauran fili a cikinta, mai yiwuwa tsarinta FAT32 ne, ba ya ɗaukar fayil da ya wuce jiga 4; kwashe kayanka, ka sauya mata tsari zuwa exFAT, mai ɗaukar manyan fayiloli.

In duk ka bi waɗannan abin bai gyaru ba, kashe wifi ka gwada da megan wayarka. Idan ya tafi, kira kamfanin layin gidan, ka karanta musu lambobin da ka auna da lokacin da ka auna su.