Babi na Shida: Baka Mai Kunama, Zaɓensa da Kula da Shi

Darasi na Farko: Sanin Sassansa

'Yan'uwa ɗalibai, baka mai kunama baka ne da aka kwantar a gicciye bisa kota irin ta bindiga, kuma a ƙarƙashin kotar akwai kunama wadda ake ja da ɗan yatsa. Mutanen Sin sun yi amfani da shi fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Amfaninsa ga magidanci shi ne ya samo wa iyalinsa nama, kamar zomo ko zabon daji ko gada, a lokacin da abinci ya yi wuya, ba tare da neman albarushi ko harsashi ba, kuma kibiyar da aka harba ana iya ɗauko ta a sake harbawa.

Ku riƙe sunaye huɗu. Kota ita ce dogon jikin da ake dafawa a kafaɗa. Kwarmi shi ne tsagin da ke saman kotar, inda kibiya take kwanciya. Tsirkiya kun san ta. Maɓallin tsaro kuwa shi ne yake hana kunama motsi har sai an tura shi. Kowa ya taɓa kowane sashe a hoton littafinsa ya faɗi sunansa da ƙarfi, kada kowa ya ji kunya.

Darasi na Biyu: Wanne Za a Saya

Iri biyu ne. Akwai mai tsirkiya ɗaya tak, akwai kuma mai ƙananan tayoyi da igiyoyi a kan hannuwansa. Na biyun ya fi gudun kibiya, amma idan tsirkiyarsa ta tsinke sai da na'urar matsewa ta musamman, wadda mutumin ƙauye a ƙasar Zuru ko Yauri zai sha wahala kafin ya same ta. Saboda haka shawarata ita ce ku ɗauki na farkon, domin mai shi yana iya sauya masa tsirkiya a gida. Ƙarfin ja na laba 150, wato kimanin kilo 68, ya ishi farautar da muke magana a kai. Ku sayi tsirkiya ta biyu da igiyar ɗanawa a rana ɗaya da bakan, domin igiyar tana rage kusan rabin nauyin ja. Kafin ku biya kuɗi ku je wurin Sarkin Baka da jami'an tsaron yankinku ku ji abin da doka ta ce game da mallakarsa, kuma ku sani ba a farauta a gandun dajin gwamnati.

Darasi na Uku: Inda Ake Sa Hannu

Wannan darasi shi ne wanda masu koyo suka fi kuskurewa, don haka za mu daɗe a kansa. Idan an ja kunama, tsirkiya takan share saman kota daga baya zuwa gaba da ƙarfin gaske, kamar lauje cikin shinkafar fadama, kuma duk yatsan da ya ɗago sama da kwarmi za ta yanke shi ko ta karya shi. Hannun da yake tallafar baka, wato na hagu ga mafi yawanmu, yana zama a ƙarƙashin kota, yatsu biyar duka a ƙasa da kwarmi.

Ga yadda ake yi. A sa ƙafa cikin zoben ƙarfen da ke gaban baka, a danne shi da ƙasa. A maƙala ƙugiyoyin igiyar ɗanawa a jikin tsirkiya a dama da hagu daidai wa daida, a ja sama har a ji ƙarar kamawa. A tabbatar maɓallin tsaro yana rufe. A kwantar da kibiya cikin kwarmi, gashin gindin kibiyar da launinsa ya bambanta da sauran yana kallon ƙasa, a tura ta baya har ta taɓa tsirkiya. Daga nan a dubi hannun hagu. Ina babban yatsa? Idan yana sama a saukar da shi. A ɗaga baka zuwa kafaɗa, a sake duban babban yatsa, domin a daidai wannan ɗagawar ne yake hawa sama ba da sanin mai shi ba. Wanda ya manta sau ɗaya ko sau biyu a aji kada ya karaya, hannu yana sabawa sannu a hankali.

Amma waɗanda suke cewa tun suna yara suke harbin ƙunda, don haka ba sa bukatar a koya musu riƙo, su ne na fi jin tsoro. Bakan gargajiya a tsaye ake riƙe shi, tsirkiyarsa ba ta bin kan yatsu, wannan kuwa tana bi. Furfura ba ta hana tsirkiya cire yatsa. Na faɗa, na maimaita, kuma duk wanda na ga babban yatsansa sama da kwarmi a filin gwaji zai ajiye baka ya koma kallo har mako mai zuwa. Yatsu a ƙasa da kwarmi kafin ɗagawa, yatsu a ƙasa da kwarmi kafin buɗe maɓalli.

Haka kuma ba a taɓa jan kunama babu kibiya a kai, domin ƙarfin zai koma kan hannuwan bakan ya tsaga su. Idan an ɗana ba a samu abin harbi ba, sai a harba tsohuwar kibiya cikin ƙasa mai laushi.

Darasi na Huɗu: Kula da Shi

A riƙa shafa wa tsirkiya kakin zuma, musamman da hunturu, amma a tsallake tsakiyarta inda aka naɗe da zare. Idan zare ya fara tashi a sauya ta. Kada a bar baka a rana ko dab da rufin kwano da bazara, kuma da damina a goge ƙarafansa da ɗan mai saboda tsatsa. A rataye shi ba a ɗane ba, inda yara ba za su kai ba. Kibiyar da ta tsage a yar da ita.

Darasi na Biyar: Gwaji

A cusa tsummoki cikin buhu sosai, a jingina shi da tudun ƙasa inda babu mutum ko dabba a bayansa. A fara daga mita 10, idan kibau suna taruwa wuri ɗaya a koma mita 20. Kada a harbi dabba da ta wuce mita 30. Aikin gida: kowa ya rubuta sunayen sassa huɗun nan a littafinsa, ya zana hannu a ƙarƙashin kota.