Yadda ake huda da ɗaure sukuru da dirila mai batir

Na shekara goma sha biyu ina kafinta a Badariya, cikin Birnin Kebbi, kafin dirila mai batir ta shigo hannuna. Da can in za mu haɗa gado da wadirob a ɗakin amarya, sai mu zauna jiran wuta, ko mu koma wa sukudireba har tafin hannu ya yi kanta. Yanzu jefa ta nake a jaka in hau babur. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu sayenta wurin matsawa kaɗai suka sani, ba su taɓa juya zoben lambobin da ke bayan bakinta ba.

To daga zoben nan za mu fara. Lambobin kan tashi daga 1 zuwa 15 ko 20 da wani abu, sai alamar tsinken huda, wasu kuma har da alamar guduma. Lambar ita ke yanke iyakar ƙarfin juyi. Da sukuru ya kai iyakar, sai ka ji ƙar-ƙar-ƙar, bakin ya daina juyawa. Ba lalacewa ta yi ba, ta ce maka ya isa ne. A filawud ko MDF (allon garin katako da aka matse) ni daga 4 ko 5 nake farawa, in gwada a guntun katako, in riƙa ƙara biyu-biyu har kan sukurun ya zauna daidai da fuskar katakon. Madaci yana son lamba babba. Alamar tsinke kuwa ta huda ce kawai, ba ta yanke ƙarfin juyi.

Ranar wani jere a Gesse, yarona ya bar zoben a kan alamar tsinke ya ɗaure ƙofar wadirob. Sukuru huɗu suka cinye ramukansu, suna juyawa a banza, ga dangin amarya a tsakar gida suna jira. Ya ce, "Maigida, ai ƙarfi na ba ta don ta kama." Da tsinken ashana da gam na cike ramukan, na sake ɗaurewa a lamba 5. Tun ranar ba na miƙa wa yaro dirila sai ya faɗa mini lambar da take kai.

A samanta akwai giya biyu: 1 a hankali da ƙarfi, don sukuru da babban rami, 2 da gudu, don ƙananan ramuka. Kar ka canza giya tana juyi. Ɗan maɓallin da ke kusa da yatsanka na gaba da baya ne, in ka bar shi a tsakiya ya kulle, haka ake sa ta a jaka.

Bit, wato tsinken huda, iri uku ne. Na katako yana da tsini a tsakiya, na ƙarfe bakinsa a karkace, na bulo kansa da faɗi kamar kan kibiya. Zura shi a tsakiyar haƙora ukun da ke bakin dirilar, murɗa da hannu har ya kama, sannan ka ɗan matsa ka gani ko yana rawa. Na sukuru ma a duba: PH2 da PZ2, masu bakin giciye, kama suke, amma kan sukurun PZ yana da ƙananan layuka tsakanin giciyen. In ka haɗa su ba daidai ba, bit zai riƙa zamewa yana cin kan sukurun.

In katako mai tauri ne, ko kusa da gefe za ka ɗaure, fara huda rami da bit ɗin da bai kai sukurun kauri ba, in ba haka ba katakon tsagewa zai yi. Naɗa salatef a jikin bit daidai zurfin da kake so. Riƙe dirilar a miƙe, fara a hankali, sai bakin ya kama ka ƙara gudu. A ƙarfe, buga alama da ƙusa tukuna, ɗiga ɗan mai, ka tafi sannu don kar bit ya ƙone.

Bango shi ne mai haɗari. Kar ka huda saitin soket ko makunnin wuta, sama ko ƙasa, nan waya ke bi. Fisha, wato robar da ake cusawa a ramin bango don ta riƙe sukuru, in mai lamba 6 ce, bit mai lamba 6 take so. Sa alamar guduma a bulo, amma cire ta a tayil, fashewa zai yi. Ginshiƙin kankare kuwa ya fi ƙarfin ƙaramar dirila, nemi babba. Sa gilashin kare ido, ka naɗe hannun riga, mai hijabi kuma ta tattare shi baya.

Batir zafi ke kashe shi, mu kuma a Maris da Afrilu rana kan wuce digiri 40. Kar a bar shi a but ɗin babur, kar a sa shi caji da zafinsa, bari ya huce a inuwa. Wurin saye kada 20V ta ruɗe ka, ita da 18V abu ɗaya ne. Lambar Ah ka duba, ita ce girman tanki: 4.0 ta ninka 2.0 daɗewa, sai dai ta fi nauyi in aikin silin ne. Lokacin hunturu kuma ina hure ƙurar da ke shiga kafofin iskar bayanta kowace yamma kafin in rufe shago.