Guntayen sabulu, ku daina zubar da su

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Guntayen sabulun wanki da ke saura kar ku yar, ku tara su a gwangwani, ni da su nake haɗa ruwan sabulu kuma wallahi na rage sayen omo sosai.

Idan sun kai kamar sanda ɗaya ki goge su da magogin kuɓewa, amma ki ware na sabulu daban. Zuba a ruwan zafi lita 2 ki yi ta juyawa har ya narke, sai ki sa soda ash (wani farin garin kemikal ne na wanki) cokali 4, ana samu wurin masu sayar da kemikal a babbar kasuwa. Ki rufe ya kwana, da safe za ki ga ya yi kauri kamar koko.

Soda ash ɗin shi ne sirrin. Ruwan rijiya da na bohol namu na Sakkwato wani yana da nauyi, sabulu ba ya kumfa cikinsa sai ki ga wani farin dauɗa yana yawo bisa ruwa, to soda ash ɗin ke tausasa ruwan, kuma yana cire maiƙo. Yunifom ɗin yara da tsummokin kicin fes suke fita.

Amma kar ki sa wa siliki ko kayan ulu, yana ɓata su. Kuma don Allah ki tabbatar soda ash aka ba ki, caustic soda daban ne, yana ƙona hannu. Kar ki zuba ruwan sabulun a gorar lemo, yaro zai ɗauka abin sha ne.