Yadda Na Sauke Fosfet a Tankin Kifin Ruwan Gishiri

Gansakuka ta rufe gilashi da duwatsu, murjanin kuma, wato halittar teku mai gina ƙashi kamar dutse, ya daina girma. Da na auna, fosfet, wani sinadari da ke taruwa a ruwan tanki, ya kai 0.5 ppm (ppm na nufin kashi ɗaya cikin miliyan), alhali masu kiwon murjani sukan riƙe shi tsakanin 0.03 da 0.1. Idan ya yi yawa, yana ciyar da gansakuka, yana kuma hana murjani gina ƙashinsa.

Kafin in sayi komai, na bi ta inda yake shigowa. Abinci ne babbar ƙofa. Na rage shi zuwa abin da kifin za su cinye nan take, daskararren abinci kuma sai na narkar na tsiyaye ruwansa. Ruwan haɗa gishiri na mayar da shi wanda na'urar RO/DI, mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, ta tace, domin ruwan famfo kan zo da nasa fosfet.

Sai na sa GFO, wato tsakin tsatsar ƙarfe mai kama fosfet, kaɗan kawai, bayan na wanke ƙurarsa. A nan ake buƙatar haƙuri. Saukar da shi farat ɗaya na gigita murjani, har ya kwaile. Ga kuma duwatsu da yashi, sun daɗe suna shan fosfet, suna sake shi da zarar na cikin ruwa ya ragu. Shi ya sa awo kan sauka ya sake hawa, kada wannan ya karya maka gwiwa.

Na ci gaba da canza kashi 10 cikin ɗari na ruwan duk mako, ina zuƙe dattin ƙasa, ina sauya GFO idan awo ya fara hawa. Yanzu ya tsaya a 0.06.